Haƙƙin sufurin jama'a

Haƙƙin sufurin jama'a ra'ayi ne da ke cewa wajibi ne gwamnati ta tanadar wa kowa abin hawa mai sauƙin kuɗi, bas ne ko jirgin ƙasa, kamar dai yadda take gina makaranta da asibiti. Har yau ba a gama muhawara a kai ba. Sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ce a sashi na 13 kowa na da 'yancin zirga-zirga a cikin ƙasarsa, haka ma yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam ta 1981 a sashi na 12, sai dai duka biyun hana hukuma tare wa mutum hanya suka yi, babu inda suka ce ta samar masa da mota.

Wasu ƙasashen kam sun wuce nan. Faransa ta sa haƙƙin sufuri cikin dokarta tun 1982. Brazil ta shigar da shi kundin tsarin mulki a 2015, bayan zanga-zangar 2013 da ƙarin kuɗin bas ya tayar. Luksambur kuma ta mai da bas da jirgin ƙasa kyauta a 2020.

A arewacin Kamaru da Chadi maganar tana da nauyi sosai, don sufurin gwamnati kusan babu shi. Kamfanin bas na SOTUC a Duwala da Yawunde kaɗai ya yi aiki, shi ma an rufe shi a 1995. Layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, can ya tsaya, Garwa da Marwa da Kuseri duk sai a mota, Chadi ma ba ta da layin dogo ko kaɗan. Cikin gari 'yan kilando, wato masu babur na haya, ne ke ɗauke da jama'a, su ke kai yara makaranta, su ke kai mata kasuwa da buhun gero ɗaure a baya, kuma da tsakar dare in naƙuda ta kama mace a ƙauye babur ɗin ne motar asibitinta, ita a tsakiya mijinta a baya yana riƙe da ita, ga ramuka ga taɓo in damina ce. Shi ya sa lokacin da aka taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankunan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru saboda rikicin Boko Haram mutanen ƙauyuka suka ji jiki ƙwarai.

Masu goyon bayan wannan haƙƙi hujjarsu ita ce sauran haƙƙoƙi a kansa suka dogara, kuma gaskiya hujjar tana da ƙarfi. In an ce allurar rigakafi kyauta ce amma uwa ba ta da kuɗin kilando zuwa da dawowa, ai kyautar ba ta iso ta ba. Tsofaffi da guragu da makafi su suka fi cutuwa, don hawa babur ma kansa wahala ne a gare su.

Masu ja da maganar suna cewa sufuri hidima ce da ake biya, kuma wanda ake kira kyauta ɗin ma daga haraji ake biyansa, baitulmalin da bai gama gyara hanyar Mora zuwa Kuseri ba ina zai samu kuɗin bas? Akwai masu tsaka-tsaki da ke cewa ko ba kyauta ba, gwamnati ta gyara hanya, ta sa ido kan farashi, ta rage wa ɗalibai da masu buƙata ta musamman.

Farashin mai ne ke yawan tayar da batun. Tarzomar Fabrairun 2008 a Kamaru da yajin aikin direbobi kan tsadar mai ta fara. A 2023 kuma Najeriya ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, ta yi tsada a Garwa da Marwa, nan take kuɗin kilando ya hau, litar fetur a gidan mai ma ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a shekarar, sannan ta kai 840 a 2024.