Mene Ne Nauyin Ƙasan Sifirin a Motocin Rimot Masu Hawan Dutse?

Ajiye ƙaramar motar rimot mai hawan dutse a kan tebur, ka kama bodinta ka ɗaga a hankali. Bodi zai taso, shokazoba ta miƙe, amma tayoyi da aksul, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama, suna nan daram a kan tebur har sai ta miƙe iyakarta. Abin da ya tsaya a ƙasan nan shi masu harkar ke kira unsprung weight da Turanci, wato nauyin da sifirin bai ɗauka ba: tayoyi, rim, aksul biyu da giyoyin cikinsu, har da ɗan injin juya sitiyari in a kan aksul aka ɗaura shi. Firam da batir da bodi kuwa a kan sifirin suke zaune.

A motar titi wannan nauyi matsala ne. Taya mai nauyi in ta daki tudu da gudu sai ta yi sama, ta ɗan jima kafin sifirin ya danno ta kan kwalta, kuma a ɗan tsakanin nan ba burki ba sitiyari. Shi ya sa masu motocin tsere ke zuba kuɗi don rage shi.

Masu hawan dutse kuwa ƙara shi suke yi da gangan. Motocinsu, irin su Axial SCX10 da Traxxas TRX-4 da ta fito a 2017, girmansu ɗaya bisa goma ne na motar gaske, kuma kwaikwayo ne na manyan jif da ke hawan duwatsu a wurare irin su Moab a jihar Utah ta Amurka. Tafiyar hawainiya suke yi, don haka tsallen taya ba ya damunsu. Abin tsoron shi ne kifewa. Idan motar ta fuskanci dutse mai tsayi, gabanta yakan yi sauƙi, tayoyin gaba su soma lilo a iska, ƙiris ya rage ta wuntsila ta baya. Maganin da aka fi yi shi ne a cire sassan roba ko na alminiyom na aksul ɗin gaba a sa na tagulla. Tagulla ta ninka alminiyom nauyi fiye da sau uku, ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe giram 8.5 ne a inda na alminiyom ke da 2.7, saboda haka ɗan ƙaramin murfi ma yana yin aiki. Da yawa suna neman gaba ya ɗauki kusan kashi 60 na nauyin motar, baya 40.

To me ya hana a liƙa dalma a ƙarƙashin firam a huta? Nan ne ainihin ma'anar kalmar unsprung weight take. Nauyin da ke kan firam sifirin ne ke ɗauke da shi. Da motar ta bi gefen dutse, bodi zai karkata, nauyin ya bi shi, ya ƙara matse sifirin na ɓangaren gangare, karkatar ta ƙaru. Wanda ke kan aksul ba ruwansa da rangajin bodi. Yana can ƙasa kusa da dutse, yana danne taya. TRX-4 ta fi buƙatar wannan, domin aksul ɗinta mai giyoyi ne a bakin kowace taya, wanda ke ɗaga cikin motar daga ƙasa, ya kuma ɗaga nauyinta sama.

Amma a ganina mutane na wuce gona da iri. Tagulla tana da kyau a ido, kuma sayenta ya fi koyon daidaita shokazoba sauƙi. Wanda ya cika ta a cikin rim ya ƙara wa injin aiki, don nauyi ne da sai an juya shi an kuma tsayar da shi. Injin zai yi zafi, batir ya ƙare da wuri, farfela ko haƙoran giya su sha wuya in taya ta maƙale a tsaga. Injin sitiyari ma yakan gaza juya tayoyin da suka yi masa nauyi. Sannan da an ɗan ba motar wuta a fili, aksul mai nauyi zai riƙa dukan ƙasa yana jijjiga bodi, sai an sa wa shokazoba man silikon mai kauri kafin ta natsu, shi kuma man mai kauri yana rage saurin da taya ke bin lungun dutse.