Duhun zuciyar ɗan Adam da yadda aka nuna mata a littafin Heart of Darkness

Heart of Darkness gajeren ƙagaggen labari ne da Joseph Conrad ya rubuta da Turanci, ya fara fitowa kashi uku a mujallar Blackwood's a 1899, sannan aka buga shi cikin littafi a 1902. Yana cikin littattafan zamanin mulkin mallaka da aka fi karantarwa a jami'o'i, kuma har gobe ba a gama gardama a kansa ba. Gardamar dai yawanci kan abu biyu take tsayawa: irin muguntar da littafin ya ce tana kwance a zuciyar mutum, da kuma su wanene aka bari su yi magana a cikinsa, su wa aka rufe wa baki. Mata suna sahun gaba a waɗanda aka rufe wa bakin.

Marubucin da ƙasar da ya gani

Conrad asalinsa ɗan Poland ne, an haife shi a 1857, sai da ya girma ya koyi Turanci a aikin jirgin ruwa. A 1890 wani kamfanin Beljiyam ya ɗauke shi aiki a Kwango, ya hau kogin a jirgi mai tururi har inda Kisangani take yanzu, ya dawo da zazzaɓi da ciwon ciki da bai taɓa rabuwa da illarsu ba. A lokacin Kwango ba ma ta gwamnatin Beljiyam ba ce, mallakin Sarki Leopold na biyu ce shi kaɗai tun bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, kuma haka ta zauna har 1908. Da farko hauren giwa ake kwasa, daga baya roba ta zo ta fi shi kuɗi, da ita kuma aka yi ta'asar da ta fi muni, yanke hannaye da ƙona ƙauyuka.

Labarin

Marlow, wani tsohon matuƙin jirgi, shi ke ba abokansa labarin da dare suna zaune a jirgi a kogin Thames kusa da Landan. Kamfani ya tura shi ya shiga can cikin daji ya ɗauko wani wakilinsu mai suna Kurtz, wanda ya fi kowa tara haure, kuma a Turai ana masa kallon haziƙi mai kai wa baƙar fata haske. Da Marlow ya isa sai ya tarar da kawunan mutane a soke a kan sanduna kewaye da gidansa, mutanen wurin suna girmama shi kamar abin bauta, shi kuma ciwo ya cinye shi. Kurtz ya taɓa rubuta wa wata ƙungiya rahoto mai daɗin baki kan yadda za a wayar da mutanen, amma a ƙasan shafin ƙarshe ya ƙara layi ɗaya da hannunsa cewa a hallaka su duka. Ya mutu a jirgi a hanyar dawowa, kalmarsa ta ƙarshe kuma ihun firgici ne da ya maimaita sau biyu.

To wannan shi ne duhun da ake magana. Abin da littafin ke cewa shi ne wayewar Bature fenti ce kawai, ɗan sanda da maƙwabci da tsoron abin da mutane za su ce su ke riƙe da shi, in aka kai shi inda babu mai ce masa bari, abin da ke cikinsa zai fito. Marlow ma tun farko ya ce ita kanta Ingila ta taɓa zama wuri mai duhu lokacin da Rumawa suka zo mata. A 1899 faɗin haka ba ƙaramin abu ba ne, wannan kam dole a ba Conrad. Sai dai fa a tsarin labarin maza ne kaɗai ke iya kallon wannan gaskiya ido da ido.

Matan da ke ciki

Babu mace ko ɗaya mai suna a littafin gaba ɗaya. Akwai gwaggon Marlow wadda ita ta yi masa hanya ya samu aikin ta wajen mutanen da ta sani, amma da ta fara masa maganar ceto jahilai sai ya ce wa masu sauraronsa wai mata ba su san inda duniya ta dosa ba, suna zaune ne a wata duniyarsu ta daban. Ita ta samo masa abincinsa, ita kuma ya raina, alhali abin da take faɗa jaridun da maza ke rubutawa ta karanta shi. Akwai mata biyu a ƙofar ofishin kamfani suna saƙa da baƙin zare, ba su ce komai ba, an ajiye su ne kamar alamar ajali. Akwai wata da akawun kamfani ya koya wa wanki da guga don rigunansa su riƙa ƙyalli a tsakiyar wurin da ma'aikata ke mutuwa a gindin bishiya, duk abin da aka faɗa a kanta shi ne wai ba ta son aikin, aka wuce.

Manyan biyun su ne matar Kwango da ke tare da Kurtz da kuma budurwarsa da ke jiransa a Turai. Ta farkon an ɓata lokaci sosai wajen siffanta jikinta, tafiyarta ta isa, gashinta, zobban tagulla a ƙafa har gwiwa, tsakiya da layu a wuya, Marlow har ya ƙiyasta kayan adonta da kuɗin haure da dama, wato ita ma da ma'aunin kamfani aka auna ta. Ya kuma ce kamar ita ce ran dajin. Amma mace ce da ke da abin faɗa, don wani ɗan Rasha da ke wurin ya ce ta taɓa yi wa Kurtz faɗa na kusan awa guda, kuma ranar da za a tafi da shi ta ɗaga murya ta faɗi wani abu jama'a suka amsa mata. Ko kalma ɗaya ba a fassara wa mai karatu ba. Da aka busa usur ɗin jirgi kowa ya watse, ita kaɗai ta tsaya ta miƙa hannuwa, Turawan da ke jirgin suka buɗe wuta, hayaƙi ya rufe, labarin bai sake faɗin abin da ya same ta ba.

Ita kuma budurwar, bayan fiye da shekara tana cikin baƙaƙen kayan makoki, ta roƙi Marlow ya faɗa mata kalmar Kurtz ta ƙarshe. Marlow da ya ce ya tsani ƙarya kamar mushe, sai ya ce mata sunanta ya ambata. Dalilinsa wai gaskiyar ta yi duhu da yawa. Wasu masu nazari suna ganin tausayi ne, wasu kuma irin su Nina Pelikan Straus a maƙalarta ta 1987 sun ce hana ta shiga sirrin maza ne, kuma wannan ya fi kama hankali, domin ƙaryar ba ita kaɗai ta rufa wa ido ba, sunan Kurtz da na kamfani ta wanke, aka bar Turai da labarin da take son ji. Ɗaya an ba ta baki an hana ta gaskiya, ɗaya ta san gaskiyar Kurtz sarai an hana ta baki.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ba a rubuta ba. A shekarun da Conrad ke rubutun, sojojin Leopold suna kama matan ƙauye su tsare su a matsayin garkuwa har sai mazajensu sun kawo adadin robar da aka yanka musu, da yawa sun mutu da yunwa a tsare, da yawa an ci mutuncinsu. Rahoton da Roger Casement, ƙaramin jakadan Birtaniya a Kwango, ya fitar a 1904 ya kawo irin wannan. Matan da suka fi kowa sanin wannan duhun a jikinsu ba su samu ko shafi ɗaya ba.

Suka da martani

A 1975 Chinua Achebe ya yi lacca a Jami'ar Massachusetts ya kira Conrad mai wariyar launin fata tsantsa, ya ce an mayar da nahiya guda dandalin da Bature ɗaya zai haukace a kai, kuma ya nuna wannan bambanci na ba ɗaya macen harshe a hana ɗaya. Masu kare Conrad suna cewa ai Marlow ne ke magana ba marubucin ba, kuma littafin tona asirin mulkin mallaka ya yi. Masanin adabi Edward Said a 1993 ya tsaya tsakiya, ya ce Conrad ya ga ɓarnar amma bai iya hango cewa mutanen za su iya mulkin kansu ba.

Ba Conrad kaɗai ba ne dai. A King Solomon's Mines na Rider Haggard na 1885, matan Afirka biyu ne fitattu, tsohuwar matsafiya Gagool da kyakkyawa Foulata da ke son Bature, kuma duka biyun sun mutu kafin Turawan su koma gida. Joyce Cary da ya yi aikin mulki a Borgu ya rubuta Mister Johnson a 1939, labarin yana faruwa ne a Arewacin Najeriya, Bamu matar Johnson kuma an nuna ta a matsayin 'yar ƙauyen da mijinta ke fama ya mayar da ita matar ma'aikaci ita ko a jikinta. Martani mai ƙarfi ya zo daga Sudan a 1966, inda marubuci Ɗayyib Salih ya juya tafiyar a littafinsa Season of Migration to the North, jarumin labarin Mustafa Sa'id ya tashi daga bakin Nilu ya je Landan ya riƙa ɗaukar fansa a kan matan Ingila, uku suka kashe kansu, matarsa kuma ya kashe ta da hannunsa. A can ƙauye, matar da ya aura bayan ya dawo Sudan ya kuma bar ta, Husna bint Mahmud, ta faɗa da bakinta cewa in aka yi mata auren dole da tsohon nan Wad Rayyis za ta kashe shi ta kashe kanta, aka ƙi saurarenta aka ɗaura, ta kuwa aikata.