Udev ba direba ba ne

Kwanan nan duk mai koyar da Linux sai ka ji "udev" a bakinsa. Filasha ta ƙi fitowa, udev. Firinta ta yi gardama, udev. Har na ji wani yana kiransa direban USB. Direba, a harshen kwamfuta, ɗan shiri ne da ke zaune a cikin kenel, wato zuciyar tsarin Linux, shi ke magana da na'ura. Udev kuwa manhaja ce a waje. Harafin "u" ɗin ma nuni yake da ɓangaren mai amfani da kwamfuta, "dev" kuma sunan jakar da Linux ke ajiye fayilolin da ke wakiltar na'urori.

A da, fayilolin nan dubbai ne jibge tun ranar girka tsarin, ko na'urar na nan ko babu, kowanne da lambobinsa biyu da kenel ke gane na'urar da su. Wani mai rubuta manhaja, Richard Gooch, ya kawo wata dabara mai suna devfs, wadda ta shiga kenel a 2000, don fayil ya riƙa bayyana kawai idan na'urar ta zo. Nan aka yi ta kai ruwa rana. Masu suka suka ce raɗa wa na'ura suna da tantance wa zai taɓa ta ba hurumin kenel ba ne. Greg Kroah-Hartman ya fito da udev a 2003, aka cire devfs a 2006.

To ga inda abin ke ba ni haushi. Har gobe ana cewa udev ne ke ƙirƙirar fayilolin. Tun 2009, da Kay Sievers ya kawo devtmpfs, wani sashe mai ƙirƙirar fayilolin na'urori, cikin kenel 2.6.32, aikin ya fara komawa hannun kenel. Ka ɗauka haihuwa aka yi. Kenel ce ke karɓar jariri, ta kuma raɗa masa sunan yanka: sdb. Sai ta aika sanarwa, udev ya buɗe kundin dokokinsa, ya faɗi wanda ke da izinin ɗaukarsa, ya laƙa masa laƙabi. Laƙabin nan ne mai amfani, don sunan yankan ba shi da amana. Filashar da ta zama sdb yau, gobe idan wata ta riga ta shiga, sdc ce. Wanda ya goge faifan da ba shi ya nufa ba ya san zafin wannan. Laƙabin da ke cikin /dev/disk/by-id kuwa yana bin na'urar duk ramin da ka cusa ta.

A ganina an ci zalin Gooch. An kori devfs da kakkausar murya, bayan shekara uku aka dawo da rabin ra'ayinsa da sabon suna, kowa ya yi gum. Masu kare devtmpfs za su ce nasu ƙarami ne, bai ɗauki nauyin izini da laƙabi ba. Da gaskiyarsu, amma fa kenel ce dai ke yin fayil ɗin.

Udev kansa an haɗe shi da systemd, manhajar da ke tada tsarin Linux ta kuma kula da hidimominsa, a 2012, abin da ya sa mutanen Gentoo, wani nau'in Linux, suka ɓalle da nasu, eudev. Wayar Android da ke aljihunka ma ba ta aiki da shi, ueventd ne ke mata wannan hidima.