Kifin Titus ba daga tekun Legas yake zuwa ba

A kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja, in ka tambayi masu saye daga ina ake kawo Titus, da yawa za su ce maka daga tekun Legas. Haka aka daɗe ana ɗauka, tunda motocin da ke sauke shi daga can suke tasowa. Amma Legas zango ce kawai.

Wannan kifi mai zane-zane a baya ɗan ruwan sanyi ne, can arewacin tekun Atlantika yake rayuwa. Jiragen ƙasashe irin su Norway, Holan da Ayalan ne ke kamo shi, a daskarar da shi, a zuba a kwali, sannan a yo jigilarsa zuwa tashar Apapa. Duba jikin kwalin da mai kifi ya yage ya ajiye gefen tebur, galibi sunan ƙasar na nan a rubuce. Maiƙon nan da ke tsatsafowa a kan garwashi ma kitsen da ya tara ne a can.

Shi ya sa kuɗinsa ke bin dala. Da darajar naira ta faɗi a 2023, Titus ya yi tashin gwauron zabo, uwar gida ta yi ta ɗora wa mai kifi laifi, alhali ba shi da hannu.

Namu na gida shi ne tarwaɗar da ake kiwo a Kuje da Gwagwalada, da bandar Tafkin Chadi da Kainji.