Gyaran Wasan Skyrim da Mod: Kyan Hoto da Matsalar Memori

Mod, a bakin masu wasan kwamfuta, shi ne duk wani ƙari ko sauyi da 'yan wasa suka yi wa wasan da kamfani ya riga ya gama ya fitar. Wani mod ɗin takobi ɗaya yake ƙarawa, wani kuma gari guda yake ginawa. Cikin wasannin tatsuniya da ɗan wasa ke shiga rigar jarumi, babu wanda ya sha irin wannan gyara kamar The Elder Scrolls V: Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011. Cikin gyaran da ake yi masa akwai iri biyu, na ƙawata hoto da na hana wasan mutuwa ana tsakiyar yi, kuma biyun daga tukunya ɗaya suke ci, wato memorin kwamfuta.

Asali

Bethesda ta saba buɗe wa 'yan wasa ƙofa. Tun a wasanta Morrowind na 2002 ta haɗa musu da manhajar gina wasan, ta maimaita a Oblivion na 2006. Ta Skyrim, mai suna Creation Kit, ta fito a Fabrairun 2012 tare da kunshin hotuna masu ƙarin kaifi da kamfanin ya raba kyauta. Mafi yawan mod ana samunsu a shafin Nexus Mods. A Afrilun 2015 Bethesda da kamfanin Valve suka gwada sayar da mod a Steam, shagon wasanni na Valve a intanet, 'yan wasa suka yi musu ca, cikin 'yan kwanaki aka janye.

Abin da ake gyarawa a hoto

Kowane abu a wasan, dutse ne ko doki ko ƙofar gida, yana da ƙwarangwal, wato siffarsa, da kuma fata, wato hoton da aka lulluɓe siffar da shi. Mod irin su Static Mesh Improvement Mod ƙwarangwal suke gyarawa, su mayar da sarƙar da a da shafaffen zane ce ta zama mai zobe-zobe na gaske. Masu sauya fata su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi cin wuri. DynDOLOD yana cika nesa da bishiyoyi da gine-gine, don kada tsauni ya tsaya tsirara sai an matso kusa da shi.

Sai haske. ENBSeries, ko ENB a taƙaice, aikin wani mai rubuta manhaja ɗan Rasha, Boris Vorontsov, fayil ne da ake ajiyewa a foldar wasan, ya tsaya tsakanin wasan da katin hoto yana sauya yadda inuwa ke faɗuwa, yadda rana ke ratsa hazo, da yadda fitila ke haska bango. A ganin mai wannan rubutu, haske ya fi girman fata tasiri nesa ba kusa ba. Tsohuwar fata a ƙarƙashin haske mai kyau ta fi sabuwa a ƙarƙashin haske mara rai, sai dai ENB yana rage saurin wasan sosai a kan kwamfuta mai rauni.

Lissafin fata shi ne abin da sabon mai gyara ya fi raina wa. Fata mai ɗigo 4096 a tsaye da 4096 a kwance, wadda ake kira 4K, tana cin megabait 64 idan ba a matse ta ba. In an matse ta da tsarin DXT5 ko BC7 takan koma 16, sannan a ƙara mata kusan kashi ɗaya bisa uku saboda ƙananan kwafinta da wasan ke nunawa daga nesa. Ta 2K rubu'in haka take ci. Abu ɗaya kuma yakan ɗauki fata fiye da ɗaya, akwai ta launi, akwai ta gargadar jiki. A tsakiyar birnin Whiterun na cikin wasan, ɗaruruwan irin waɗannan ake lodawa lokaci guda.

Inda memori ke cikawa

Skyrim na 2011 manhaja ce mai bit 32. Irin wannan manhaja ba ta iya ganin fiye da gigabait 4 na ram, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, ko da kwamfutar na da 16. A farko ma 2 kawai take taɓawa, sai a Disambar 2011 Bethesda ta fitar da gyara mai lamba 1.3.10 da ya buɗe mata sauran.

Ko da hakan, bango biyu ne suka rage. Na farko daga DirectX 9 yake, wato manhajar Windows da wasan ke zana hoto ta hannunta: duk fatar da aka ɗora a katin hoto, sai an ajiye kwafinta a ram. Ma'ana, duk wanda ya ƙawata hoto yana cika ram ba tare da ya sani ba, kuma da wasan ya kai wajen gigabait 3.1 sai ya rufe kansa, babu sallama babu saƙon kuskure. Wani lokaci kafin ya mutu yakan ba da alama, abubuwa su koma launin shunayya ko baƙi saboda fatarsu ta kasa hawa.

Bango na biyu ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi wahalar da mutane. Injin wasan yana ware wani rumbu na megabait 256 tun daga tashi, a nan yake zuba mutane da dabbobi da kayan da ke kewaye da ɗan wasa. Idan rumbun ya cika, ya kamata a buɗe wani, amma a nan ne injin ke tuntuɓe. Ko dai wasan ya mutu, ko ya maƙale a allon lodi, hayaƙi na ta yawo, bayanai na ta sauyawa, ba ya gaba ba ya baya. Shekara biyu mutane suna ɗora laifin a kan mod ɗin da ba su ji ba ba su gani ba, suna cire wannan suna mayar da wancan. A farkon 2014 ne wani mai gyara da aka sani da laƙabin sheson ya nuna inda gizo ke saƙa, ya kuma nuna cewa faɗaɗa rumbun farko zuwa 512 yana kawar da yawancin matsalar.

Magunguna

SKSE, manhajar da ke faɗaɗa abin da mod zai iya yi, ta ɗauki wannan gyara tun daga sigarta ta 1.7. Ana rubuta layi biyu ne a fayil ɗin skse.ini, DefaultHeapInitialAllocMB=768 da ScrapHeapSizeMB=256, wanda a aikace yake ba rumbun farko 512. Dole kuma a riƙa tayar da wasan ta SKSE, in ba haka ba rubutun banza aka yi. Ƙaramin mod mai suna Memory Blocks Log yana rubuta yadda rumbun ke cika, mutum ya gani da idonsa ko gyaran ya kama.

Bangon DirectX kuwa ENBoost ne maganinsa, wani ɓangare na ENB da ya fito a 2013. Yana kwashe kwafin fatun daga cikin wasan ya kai su wata manhaja daban mai suna enbhost.exe, wadda ke da nata wurin. Ana iya amfani da shi ba tare da an kunna ƙawar ENB ba, abin da masu ƙananan kwamfutoci da yawa ba su sani ba. Daga baya wani mod mai suna Crash Fixes ya zo da wata hanya, ya karɓe rabon memori daga hannun injin wasan ya miƙa wa Windows.

Akwai kuma abin da ake cewa kada a taɓa. Saitin uGridsToLoad, wanda asalinsa 5 ne, yana faɗaɗa yankin da ake lodawa kewaye da ɗan wasa. Ɗaga shi yana ƙara kyau, yana kuma cika rumbu da wuri, har ya tayar da abubuwan labari kafin a iso wurinsu. Haka nan idan saurin hoto ya haura 60 a daƙiƙa ba tare da mod na musamman ba, kwanuka da kekunan doki sai su fara tsalle da kansu, don lissafin motsi a ɗaure yake da wannan sauri.

Special Edition

Ranar 28 ga Oktoba 2016 aka fitar da sabuwar sigar Skyrim, Special Edition, mai bit 64 da DirectX 11, bangon nan biyu duk suka rushe. Ba a buƙatar ENBoost ko gyaran rumbu a cikinsa. Mod ɗin SSE Engine Fixes ne ya gaji aikin toshe sauran ramuka. Matsalar ta koma kan memorin katin hoto: idan ya cika, wasan ba ya cika mutuwa, sai dai ya riƙa tsinkewa yana ɗingishi. Sabon ciwon kai kuma shi ne siga. Da aka fitar da Anniversary Edition ranar 11 ga Nuwamba 2021, lambar wasan ta tashi daga 1.5.97 zuwa 1.6, mod da yawa masu dogaro da SKSE suka daina aiki sai da aka sabunta su.

Jerin lodi da ajiya

Idan mod biyu suka taɓa abu ɗaya, wanda aka loda a ƙarshe shi ke da magana. Akwai manhajojin taimako: LOOT yana tsara jerin, xEdit yana nuna inda aka yi karo, Mod Organizer 2 da Vortex suna riƙe fayilolin. Mod Organizer ba ya zuba komai a foldar wasan, don haka cire abu ba ya barin datti. Manyan fulogin, wato fayilolin mod da ke cikin jerin, ba sa wuce 255, amma ƙananan nau'in ESL da suka zo wa Special Edition a 2017 suna iya kaiwa 4096.

Ajiyar wasa, wato fayil ɗin da ke riƙe inda ɗan wasa ya tsaya, tana haɗiye umarnin mod a cikinta. Wanda ya cire mod mai umarni a tsakiyar tafiya ya bar marayun umarni suna neman abin da babu, kuma illar kan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana. Manhajar ReSaver tana share wasu, ba duka ba.

A Kaduna

A gidajen gem na Tudun Wada ko Kawo ƙwallo ce ke ci a kan PlayStation, kuma ko an sa Skyrim a PS4, da ya fito a 2016 gigabait 1 kawai aka ware wa mod, ba a kuma yarda da fata ko ƙwarangwal daga waje ba. Gyara na sosai sai a kwamfuta, galibi laftof na hannu irin wanda ɗalibi kan saya don karatu. Da yawansu katin hotonsu na Intel ne, wanda ba shi da memorin kansa, daga ram yake gutsura. Allon kuma sau tari ɗigo 1366 ne da 768, fatar 4K a kansa asarar data ce kawai, don idon ba zai ga bambancinta da ta 1K ba sai an manna hanci a bango. A irin wannan inji tsohon Skyrim na 2011 ya fi sauƙin tafiya, shi ya sa gyaran rumbu da ENBoost ba su zama tarihi ba a nan.

Kunshin fata ɗaya kan kai gigabait da yawa, saboda haka akan karɓa a hannun aboki ta filash ko hadis ɗin kwamfuta maimakon a sauke. A nan ake yawan haɗa SKSE na wata siga da wasan wata siga, ya ƙi tashi. Duba lambar sigar a jikin fayil ɗin wasan kafin a kwafi komai yana rage wannan. Sigar shagon wasanni na GOG ta 2022 tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ba ta sabunta kanta sai an so, amma tana da nata SKSE daban.

Ba kowace mutuwar wasa ce laifin memori ba. Ƙurar hunturu tana toshe fankar laftof, zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, injin ya rage gudu don kare kansa ko ya kashe kansa gaba ɗaya. Yadda ake bambancewa: idan wasan kaɗai ya rufe aka koma Windows, a binciki mod da memori, idan kwamfutar ce ta mutu ɗungurungum, a kai ta wurin mai gyara ya hure ƙura ya sauya man da ke kan furosesa. Ɗauke wuta ana cikin ajiya, a kwamfutar tebur ko laftof mai mataccen batir, yana lalata fayil ɗin, shi ya sa masu gogewa ke buɗe sabuwar ajiya kowane lokaci maimakon rubutawa a kan tsohuwa.