Waiwaye: Tsohuwar Jayayya Kan "Mota Ta Gaske"

Duk inda masoya mota suka haɗu, ba a daɗewa wani zai ce motocin yanzu ba su da rai, kwamfuta ce kawai aka sa wa tayoyi. Wannan ƙorafi ya girmi kwamfutar da ake ɗora wa laifin. A 1934 wasu 'yan Ingila suka kafa ƙungiyar Vintage Sports-Car Club, domin a ganinsu motocin da masana'antu suka fara zubawa kasuwa da yawa ba su kai na shekarun 1920 inganci ba. Sun ja layi a ƙarshen 1930, suka ce iyakar motar kirki ke nan. Daga baya su da kansu suka buɗe ƙofa ga wasu zaɓaɓɓun motocin da aka ƙera bayan wannan shekara.

Amurka ta yi nata zagayen. Pontiac GTO da Ford Mustang sun fito a 1964, aka shiga zamanin manyan injina masu silinda 8, fetur na araha, salansa na ruri. Sai dokar tsaftace iska ta 1970 ta zo, takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa ya biyo baya a 1973, kuɗin inshora kuma ya yi sama. Ƙarfin injina ya zube, har motar gudu ta Chevrolet Corvette ta 1975 ta sauko zuwa ƙarfin doki 165. Wani ɓangare na faɗuwar a takarda ne kawai, tunda a farkon shekarun 1970 kamfanoni sun sauya yadda suke auna ƙarfin inji, amma wa zai tsaya jin wannan bayani? Masoya suka yi wa motar gudu ta'aziyya. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne na'urar lantarki mai auna fetur ɗin da ke shiga inji, wadda ta kori kafireto, wato dai kakar kwamfutar da ake zagi yau.

Rikicin Porsche ya fi nuna halin mutanen nan. Tun 1964 iska ce ke sanyaya injin motar Porsche 911. Da kamfanin ya koma amfani da ruwa, ya daina ƙera mai iska a 1998, sai masu ra'ayin riƙau suka ce an kashe motar. Sabuwar ta fi gudu, ta fi sauƙin tuƙi, hayaƙinta ya fi ƙanƙanta, duk da haka farashin tsofaffin ne ya yi ta hawa. A nan ne gardamar ta fito fili: ba gudu ake nema ba. Ƙarar inji ake so, da nauyin sitiyari, da taka kuloci a sa giya da hannu. Ni dai ina ganin suna da hujja, sai dai sukan manta cewa birkin waccan mota da suke yabo ba zai ceci kowa ba a ranar ruwan sama.

Shigowar manyan kuɗi ta sauya maganar baki ɗaya. Ferrari 250 GTO, wadda 36 kacal aka ƙera, an yi gwanjon ɗaya a 2018 a kan dala miliyan 48.4. A 2022 Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, ɗaya daga biyun da ke duniya, ta tashi a yuro miliyan 135. Motar da ta kai haka ba kasafai take ganin titi ba, sai tambaya ta koma kan asali: injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta? Fentin na farko ne? A gasannin baje kolin tsofaffin motoci, an daɗe ana ba da kyauta ga motar da aka wanke aka goge har ta fi sabuwa ƙyalli. Amma a 2024, gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda aka fara a 1950, ta ba Bugatti Type 59 ta 1934 babbar kyautarta alhali ba a sabunta ta ba, da tabonta da komai. Ba a taɓa yin haka ba a gasar.

Sabuwar rigimar ita ce ta cire tsohon inji a sa batir. Ƙungiyar FIVA, mai kula da harkar tsofaffin motoci a duniya, ta fito a 2019 ta ce motar da aka yi wa haka ta fita daga sahun motocin tarihi. Ita wannan ƙungiya, shekara 30 ta sa a cikin sharuɗɗan zama motar tarihi. Da wannan lissafi Toyota Prius ta farko, mai haɗa fetur da lantarki, za ta cika shekarun a 2027, Tesla Roadster mai aiki da lantarki zalla kuma a 2038.