A Birtaniya, riƙe allurar gina jiki ba laifi ba ne, miƙa wa aboki ne laifi

Ka ɗauka samari biyu ne a ɗakin sauya kaya na wani gidan motsa jiki a Landan, sun gama ɗaga ƙarfe, gumi na tsiyaya. Ɗaya ya zuge jakarsa ya fito da 'yar kwalbar allura wadda ba ta wuce babban yatsa ba. Testosteron ne, kuma ba shi da takardar likita. Da ɗan sanda zai shigo a lokacin, riƙe kwalbar kaɗai ba zai sa a gurfanar da shi ba. Sai abokin ya ce, "Mutumina, sam mini ɗaya mana, ƙarshen wata zan biya ka." Yana miƙa masa, shi ke nan ya zama mai rarraba ƙwaya a idon doka, laifin da hukuncinsa zai iya kaiwa shekara 14 a gidan yari, ko tara marar iyaka, ko duka biyun. Ko da kyauta ya ba shi, ba ta sauya zani ba.

Tushen maganar shi ne dokar 1971 da ke kula da miyagun ƙwayoyi, wadda ta kasa su rukuni uku, A da B da C, gwargwadon haɗarinsu. A 1996 aka saka magungunan gina ƙwanji, waɗanda ake kira sitiroyid, a rukunin C. Cikinsu akwai testosteron da nandrolon da stanozolol, wanda aka samu a jikin Ben Johnson a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 har aka ƙwace masa zinare. Sai dai an ware su daga yawancin 'yan rukuninsu ta fuska ɗaya: wanda ya riƙe don amfanin kansa ba a hukunta shi. (Kada a haɗa su da irin deksametazon da wasu ke sha a wajenmu don neman ƙiba. Sunan dangi ne kawai ya haɗa su, aikinsu daban, kuma ba a wannan rukunin yake ba.)

Inda mutane suka fi faɗawa tarko shi ne shigo da su daga waje. Kafin 2012 mutum na iya zama a ɗakinsa ya yi oda ta intanet, mai kai saƙo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. A shekarar aka toshe wannan kafa. Yanzu sai in da kanka ka ɗauko su ka shigo da su ƙasar, kuma don kanka. Kwalba ɗaya ce, amma in a jakarka take a filin jirgi babu laifi, in ta gidan waya ta biyo an karya doka. Ita kuma "don kanka" ɗin ba faɗar baki ba ce. In aka same ka da katan guda, ga daurin kuɗi, ga saƙonnin ciniki a waya, kotu na iya cewa da niyyar sayarwa ka riƙe, hukuncin kuwa daidai yake da na mai sayarwa.

Me ya sa aka bar mai sha aka bi mai bayarwa? Ana gudun kada tsoron kamu ya sa masu yin allurar su ɓuya su riƙa aron sirinji, su kwashi ciwon hanta ko ƙanjamau. Shi ya sa akwai shagunan magani da cibiyoyi da ke ba su sababbin allurai kyauta. Kuma suna buƙatar likita ƙwarai: maganin kan ƙanƙance 'ya'yan maraina, ya rage ƙwayoyin haihuwa, ya fito wa namiji da nono, ya kumbura zuciya. A ganina dabarar na da ma'ana, sai dai ta bar wani gurgun wuri. An ce riƙewa halas ne a doka, amma kusan duk hanyar da yaro zai bi ya samu a cikin ƙasar, sai wani ya yi laifi kafin ta iso hannunsa. Galibin abin da ke yawo ma haɗin bayan fage ne, abin da aka rubuta a jikin kwalba ba lallai shi ne a ciki ba.

Dokar ƙasa daban, dokar wasa daban. Ɗan wasan da ke ƙarƙashin ƙa'idojin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ko da na ƙungiyar unguwa ne da ba a biyansa ko sisi, in gwaji ya nuna sitiroyid a fitsarinsa dakatarwar da za ta iya kaiwa shekara 4 ce ke jiransa, kuma cewa bai san yana cikin garin ƙarin kuzarin da ya saya ba ba ya wanke shi kai tsaye.

Wanda ya saba da tsarin Birtaniya kuma kada ya ɗauki jakar nan ya nufi Amurka. Can tun 1990 riƙewa kawai ba da takardar likita ba laifi ne a dokar tarayya, karon farko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1 da tarar da ba ta gaza dala 1,000 ba.